Ƙorafin da Aka Kai Allon Kurakurai

Takwarata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki lafiya, ke da karatu da sanyin nan da kika ce ya hana ki buɗe taga. Mu nan lafiya lau, sai idona na hagu da likita ya ce yanar ta nuna, za a cire ta ba da jimawa ba. Baban yara ya fi ni tsorata. Har ya fara karanta mini takardar magani da ƙarfi, kamar kunnena ne ya sami matsala. Babanki ya leƙo ranar hutu, ya gyara mana famfon kicin, yanzu ta wani wajen yake ɗiga.

Akwai wani ruɗani da mutane da yawa suke yi game da ƙungiyoyi irin taku, kuma na ji alamarsa a muryarki da muka yi waya. Suna ɗauka tunda manhajar ta kowa ce, kowa na iya buɗe cikinta ya karanta ya gyara, to duk abin da ya shiga tsakanin masu yin ta ma dole a baje shi a fili. Rubutun manhaja yakan gyaru idan idanu da yawa suka gan shi. Wanda aka ci wa fuska kuwa, yawan idanu ƙara masa ciwo yake yi.

Bari in maimaita abin da na fahimta, ki gyara mini inda na kuskure, don layin ya yi ta yankewa. Ku 'yan sa kai ne, kuna yin manhajar tsara jadawalin darussa, wadda mu ma a makarantarmu da ita muke raba azuzuwa. Ƙa'idarku ita ce ba mai shigar da gyaransa da hannunsa, sai wani ya duba ya amince. Wata malamar lissafi, sabuwa a cikinku, ta gano dalilin da yake sa manhajar ta tura aji biyu ɗakin gwaji ɗaya a lokaci guda. Na san kuskuren nan. Ya taɓa tsayar da ni da malamin kimiyya a bakin ƙofa, kowa da ɗalibansa a baya, muna kallon juna. Ta rubuta gyara ta aiko. Injiniya, wanda ya kafa aikin, kuma shi kaɗai yake riƙe da mabuɗin sa hannu da ake fitar da kowace sabuwar siga da shi, ya duba, ya rubuta mata a gaban kowa cewa ta koma ta ci gaba da riƙe alli, ya rufe. Bayan ɗan lokaci sai ga gyaran nata a cikin manhajar, an ɗan sauya masa kama, da sunansa a kai. Ta nemi inda za ta kai ƙara, ba ta ga ko'ina ba sai allon da kuke liƙa rahoton kurakuran manhaja, ta rubuta a can. Yanzu kowa ya shiga yana tofa albarkacin bakinsa. Ke kuma kina cikin kwamitin mutum uku da aka naɗa don irin wannan rana, kuma Injiniyan nan shi ya koya miki aikin tun ba ki san inda ake sa waƙafi ba.

In haka ne, ba ki da sauƙi, amma abin ba sabo ba ne. Na zauna a kwamitin ladabtarwa na makaranta, na kuma yi irin zaman a ƙungiyarmu ta malaman kwamfuta. Wanda ake biya albashi ana iya tsorata shi da takardar gargaɗi. Ɗan sa kai ba abin da yake riƙe shi sai jin cewa ana yi masa adalci, kuma ranar da ya daina ji, ba zai yi sallama ba, sai dai ku ga shiru.

Abu na farko, maganar nan ta bar allon. Ba wurinta ba ne. An gina allon ne don tambaya ɗaya, wato shin abin da ya faru a kwamfutar wancan yana faruwa a tawa. Duk wanda ya shiga can da wannan tambayar zai shiga, ko da ƙorafin mutum ne a gabansa.

Akwai tsarin da ake bi daki-daki, zan zauna in rubuto miki shi da kyau. Yanzu maganin da aka ɗiga mini ya fara sa haruffa rawa. Ki riƙa cin abinci mai zafi, kar ki rayu a kan shayi da burodi.

Gwaggonki

* * *

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarki, Allah ya sa a yi aikin idon cikin nasara. Ki ce wa Baban yara ya rage murya, asibitin ma ba za su yarda ba. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ta zagaye duk ɗakin kwananmu ta dawo kaina. Malamin da yake duba kundina ya dawo mini da babi na biyu, jan biro ya fi baƙi yawa.

Duk abin da kika lissafa haka yake. Da ma kin ga allon da idonki, da kin yi dariya kafin ranki ya ɓaci. Wani ya rubuta a ƙasan ƙorafin cewa ya gwada a wajensa bai ga matsalar ba, shekara da shekaru yana aiki da Injiniya bai taɓa zaginsa ba. Wani ya liƙa wa ƙorafin tambarin da muke sa wa rahoton da aka kasa maimaitawa. Wani, da zuciya ɗaya, ya roƙi Malama ta jera matakan da za a bi a sake haifar da matsalar. Wani kuma ya ce an taɓa kawo irin wannan rahoto, a haɗa su wuri ɗaya, ya je ya tono wani tsohon ƙorafi na wani ɗalibi da ya bar mu tuntuni. Har ƙuri'a aka fara jefawa, masu ɗaga yatsa sama da masu juya shi ƙasa. Malama ba ta ƙara cewa uffan ba bayan rubutunta na farko.

Ina gama karanta wasiƙarki na yi yadda kika ce. Ina da ikon kula da allon, na shiga na goge shafin gaba ɗaya. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Ban sanar da kowa ba tukuna, na ce bari ƙura ta lafa, sauran bayaninki ya iso.

Washegari Injiniya ya kira ni ta bidiyo daga wurin aikinsa. Yana cin abincin rana a kan teburin kwamfuta kamar kullum, wayoyi sun kanannaɗe kwanon.

Ya ce, "Ɗalibata, na ga an yi shara."

Na ce, "Cirewa na yi kawai, Injiniya. Kwamiti zai zauna."

"Kwamiti. Ke, da Mai Fassara, da wancan da ya ɓace tun da ya yi aure?"

Mai Fassara ita ce take juya mana rubutun manhajar zuwa wasu harsuna, ita ce ta biyu a kwamitin. Na ukun kuwa gaskiyarsa ce, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Na ce, "Gyaran fa? Nata ne."

Ya ajiye cokali. "Abin da ta aiko duk ramuka ne kamar rariya. Ni na toshe. Da na shigar da shi yadda yake, da makarantu sun tashi ba jadawalin ranar Alhamis."

"Amma ita ta gano inda ciwon yake. Mun daɗe muna nema."

"Ganowa ba aiki ba ne."

"Maganar allin fa?"

"Ke nawa na faɗa miki da kina koyo? Kin mutu?"

Gaskiya ne, ban mutu ba, Gwaggo. Ya taɓa mayar mini da gyara ɗaya har sai da na haddace shi kamar karatu, kuma a hannunsa na iya duk abin da na iya. Da za mu rabu ya ce in tuna wa kwamitinmu cewa sabon zango na tafe, makarantu na jiran sabuwar siga, kuma mabuɗi a wajensa yake. Ya ce ba barazana ba ce, jadawali ne. Sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin rufa wa gida asiri."

Wannan albarkar ce ta fi damuna. Ban yi don shi ba, amma shi ne kaɗai ya gode.

Ina jiran sauran matakan. Ki gaida Baba da yara.

Takwararki

* * *

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Da fatan jiki da sauƙi, ku da mutanen gida. Murar ta tafi. Na kira wayarki ba ta shiga, na kira Babana ya ce yana kan hanya, zai neme ni, bai neme ni ba.

Abin ya fashe. Ashe wani ya ɗauki hoton shafin kafin in goge. Ya watsa a zaurenmu na tattaunawa, ya haɗa da bayanan allon da suke nuna wanda ya goge da lokacin da ya goge. Sunana ne a wurin ƙiri-ƙiri. Kin san mu, ba abin da muke ƙyama kamar goge tarihi. Mutumin da ya shigar da kuskuren da ya rushe manhajar gaba ɗaya ana yafe masa kafin la'asar. Wanda ya goge layi ɗaya daga tarihi kuwa, kallon ɓarawo ake masa.

Yanzu ba a ma maganar Injiniya. Ni ake yi. Waɗanda suke bayan Malama sun ce 'yar gidansa ta binne masa ƙara. Waɗanda suke bayansa sun ce kwamiti ya duba ya ga ba komai, shi ya sa aka goge, a wuce wurin. Wasu matasa uku sun kwafi aikin duka zuwa wani wuri, suna shawarar sabon suna. Dokarmu ta ba su dama, ba mai hana su. In suka tafi, rabin masu aiki sun tafi, makarantu kuma ba za su san wacce za su ɗauka ba.

Mai Fassara ta kira ni ina cikin ɗakin karatu, na fita baranda. Ba ta ko yi sallama ba.

"Ke da wa kuka yanke?"

"Shawara aka ba ni."

"Wa? Shi?"

"Gwaggona."

Ta ce, "Gwaggonki tana cikin kwamiti ne? Don ni ina ciki, kuma a zaure na ji, tare da 'yan kallo."

Malama ta rubuto mini layi ɗaya tak. Ta ce ta gode, yanzu ta fahimci yadda ake rufe rahoto a wajenmu. Na fara amsa na goge, na sake farawa na goge, har yanzu ban tura komai ba.

Gwaggo, ke kika ce maganar ta bar allon. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga, abin da ya ce ke nan. In kuma na yi wani abin da ya ɓata miki rai ne ya sa kika yi shiru, ki faɗa mini kai tsaye, na fi son faɗa da shiru. Na rubuta takardar ajiye kujerar kwamiti, tana nan ban aika ba. Kundina ma ya tsaya cak.

Takwararki

* * *

Takwarata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. An yi aikin, an yi nasara, alhamdu lillahi. Wani ya fasa zuwa, aka matso da ni gaba ba shiri. Likita ya hana ni kallon waya da kwamfuta, Baban yara kuma ya ɗauki umarnin kamar soja, ya kashe wayar ya kulle ta a durowarsa. Jiya aka sallame ni daga hannunsa, na tarar da wasiƙunki biyu. Ba fushi nake ba. Ina ganin komai tangaram yanzu, har da ƙurar saman firji da aka daɗe ana ce mini an goge.

Wasiƙata ta tsaya a rabin hanya, ke kuma kin yi aiki da rabin. Abin da nake nufi a ɗauke maganar a kai ta ɗaki, da sanin mai ita, a bar takarda a ƙofa cewa tana ciki. Ya wuce. Ga abin da ya rage, kuma yawancinsa mai yiwuwa ne a yini ɗaya.

Kar ki aika takardar ajiye kujera. Wanda ya sauka a tsakiyar rikici ya bar wa na baya rikicin da kuma kujerar da ba kowa. Ki dawo da shafin yadda yake, na san kuna ajiye kwafin komai. Ki kulle shi yadda za a iya karantawa amma ba a ƙara rubutu. A samansa ki rubuta gajeren bayani da sunanki: ke kika goge, ba ki tuntuɓi kwamiti ba, kuskure ne, an dawo da shi, kuma ƙorafin yana hannun kwamiti. Kar ki ba da dogon uzuri. Kar ki sa Gwaggo a ciki, ba su san ta ba.

Amma kafin ki taɓa shafin, ki nemi Malama, da murya, ba da rubutu ba. Ƙorafinta ne, ita za ta ce a dawo da shi fili ko a bar shi a ɗaki. Sannan ki yi mata tambayar da na lura har yanzu ba wanda ya yi mata a duk cikin masu ƙuri'ar nan: me take so a yi? Na sha zama a kan ƙarar ɗalibai, mu manya mu ɓata yini muna auna hukunci, sai a ƙarshe a gano yarinyar so take kawai a canja mata wurin zama. Wani lokacin kuma abin da ake so ya fi ƙarfin abin da za ku iya. Ko wanne ne, gara ku sani.

Na uku shi ne mai ɗaci. Ba za ki zauna a kan hukuncin Injiniya ba. Ba don ba za ki iya adalci ba, na san wadda na goya. In kin sassauta za a ce malaminki ne, in kin tsananta za a ce wanke kanki kike yi, kuma ke kanki ba za ki san wanne ne gaskiya ba. Ki faɗa a fili cewa shi ya koyar da ke, kin janye daga yanke hukunci. Mai Fassara ba za ta zauna ita kaɗai ba, sai ku aro mutum daga waje. Akwai ƙungiyoyi irin taku da yawa, ku roƙi wata ta ba ku wani dattijo a cikinsu wanda bai san kowa ba a wajenku. Ke aikinki tattara abin da ya faru: gyaran da ta aiko, wanda ya shigar, kalmomin da ya rubuta, a jere, ba sharhi.

Su kuma masu hukuncin su raba abu biyu da kuka cakuɗa. Ko gyaranta yana da ramuka, wannan tambayar aiki ce, ana amsa ta da gwaji. Ko ya ci mata fuska ya kuma cire sunanta, wannan tambayar hali ce. Zai iya yin gaskiya a ta farko ya faɗi a ta biyu. Su ji ta bakinsa a keɓe, su bar shi ya gama magana. Shekarun da ya ba aikin nan gaskiya ne, a faɗa masa haka, ba don a rage masa komai ba.

Maganar mabuɗi kuwa, kar ku sa ta a sikelin hukunci ko kaɗan. Mabuɗi a hannun mutum ɗaya matsala ce ko da mutumin waliyyi ne, don waliyyi ma yakan kwanta asibiti a kulle masa waya. Zai iya tafiya, ki sa wannan a ranki tun yanzu. Mu masu amfani da manhajar za mu iya shiga zango da tsohuwar siga, mun saba da ciwonta.

Ki koma kan kundinki ko da shafi ɗaya ne a rana.

Gwaggonki

* * *

Gwaggona,

Barka da arziki, Allah ya ƙara lafiya. Na yi ta dariyar ƙurar firji. Ki yafe mini zafin wasiƙar baya. Ni lafiya, babi na biyu ya koma wajen malamina, wannan karon baƙi ya rinjayi ja.

Na kira Malama lokacin hutun tara. Ina jin hayaniyar yara a bayanta, wani yana buga ƙofar ofis.

Ta ce, "Ke ce mai gogewa?"

Na ce ni ce, na ba ta haƙuri a taƙaice yadda kika ce.

"To. Goge allo dai aikina ne, ban san an ɗauki mataimakiya ba."

Na tambaye ta shafin. Ta ce a dawo da shi a kulle, ba ta rubuta abin da take jin kunyarsa ba. Sai na tambaye ta me take so a yi.

Ta ce, "Ba na son haƙurinsa, ya riƙe kayansa. Maganar alli ma ba ta dame ni ba sosai, alli nake riƙewa, da shi nake ci. Kin san abin da ya faru? Ina da 'yan mata a ajin ƙarshe da nake lallaɓawa su shiga harkar kwamfuta. Ranar da na ji gyaran nawa ya shiga duk da an rufe shi, na zata da sunana ne, na kai su ɗakin kwamfuta, na ce ku zo ku ga, malamarku ta gyara manhajar da ake tsara muku darasi da ita. Muka buɗe tarihin aikin a babban allo. Sunan wani ne a wurin. Wata a cikinsu ta ce, Malama, ko dai wata manhajar ce kika gyara? Tana so ta fitar da ni kunya ne, kin gane."

Na ce na gane.

"To sunana nake so a wurin. In buɗe musu su gani. Shi ke nan."

Aka buga ƙararrawa, ta ce tana da aji.

Na yi sauran yadda kika tsara. Bayanin da na liƙa ya jawo mini zagi kaɗan, sannan aka gaji. Matasan nan uku sun ce za su dakata su ga hukunci. Masu yin manhajar ɗakunan karatu sun aro mana wani dattijo, tsohon ma'aikacin laburare, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada masu karatu. Shi da Mai Fassara suka ji ta bakin kowa. An gwada gyaran Malama yadda ta aiko shi. Injiniya ya yi gaskiya, akwai ramuka biyu, ɗaya babba. Amma hanyar da aka bi aka magance ciwon tata ce, layi bayan layi.

Wahalar ita ce ba ma sauya abin da ya riga ya shiga tarihi, ko don gyara suna. Dattijon ne ya kawo mafita, kuma da irin aikinmu. A warware gyaran Injiniya a fili, a shigar da na Malama da sunanta, sannan a ɗora toshe ramukan a kai da sunansa. Duk mai buɗe tarihi zai ga wa ya yi me. Bayan haka, Injiniya ba zai duba aikin sababbi ba har ƙarshen zango. Mabuɗi zai zama a hannun mutum biyu ko fiye. An kuma buɗe adireshin imel na kai ƙorafi wanda kwamiti kaɗai yake gani, aka rubuta shi a saman allon da manyan haruffa.

Mun zata zai yi gardama. Bai yi ba. Shi da kansa ya yi aikin, ya turo a duba kamar kowa, kuma Gwaggo, ban taɓa ganin aiki mai tsabta irinsa ba. A bayanin gyaran ya rubuta cewa Malama ce ta gano kuskuren ta kuma magance shi, ba ƙari ba ragi. Sannan ya miƙa mabuɗin gare ni da Mai Fassara da saƙo mai kalma huɗu: "Ga shi. Ku fitar." Ya cire kansa daga zaure, ya cire kansa daga jerin masu kula da aiki. Na kira shi, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na sake kira wata rana, haka.

Malama ta turo hoton babban allon ajinta, da sunanta a tarihin, da bayan kawunan 'yan mata. A makon nan ta aiko sabon gyara, ƙarami, na duba, akwai rami ɗaya, na nuna mata, ta toshe.

Ga inda muke. Zango ya matso, kuma ba wanda ya taɓa fitar da siga in ba shi ba. Bayanin da ya bari bai cika shafi ba, rabinsa ma gajerun kalmomi ne da shi kaɗai ya san nufinsu. Mai Fassara ta ce in je in roƙe shi ya fitar mana wannan karon kawai, tunda ni ce 'yar gida. Ban sani ba. Ina kewarsa, Gwaggo. Jiya na rubuta wani abu mai kyau, na ɗaga hannu zan tura masa ya gani, sai na tuna.

Takwararki

* * *

Takwarata,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. An ba ni sabon tabarau, yaran ajina sun ce na koma kamar alƙali, na ce su yi hattara to. Babanki yana gaishe ki, ya ce ya neme ki, ke ce ba ki ɗauka ba. Ku ƙarata can.

Kun yi abin da ya dace, kuma kun biya kuɗinsa da mutum. Haka yakan zo wani lokaci. Ba zan ce miki zai dawo ba, don ban sani ba. Mutumin da ya yi aikin hukuncinsa da tsabta haka bai tsani aikin ba, iyakar abin da zan iya karantawa ke nan daga nan.

Kar ki je roƙonsa ya fitar muku da siga. In kin je da buƙata a hannu, zai ji cewa mabuɗin kuka yi kewa, kuma duk wanda yake kallo zai koyi cewa hukuncinku yana narkewa da zarar zango ya matso. Ki rubuta masa daban, gaisuwa zalla, irin ta ɗaliba ga malaminta. Ki gaya masa abin kirkin da kika rubuta rannan, ki tura masa ya gani in yana so. Kar ki tambaye shi komai. In bai amsa ba, ki bar wata ya wuce ki sake gaishe shi. Gaisuwa ba ta cikin abin da kwamiti ya dakatar.

Sigar kuwa, ku za ku fitar. Ki sami ranar da ba ki da lacca, ki share tebur, ki buɗe ɗan bayanin nan nasa a gefe ɗaya da shafi fari a ɗaya gefen. Ki bi layi na farko. Duk inda kika tsaya kina kallon allo ba ki gane ba, ki rubuta abin da ya ɓace a farin shafin, da cikakkun kalmomi, yadda wanda ya shigo jiya zai karanta ya bi. Ki fitar da sigar gwaji tukuna, wadda ba za ta je ko'ina ba, in ta fashe a ɗakinki za ta fashe. Idan ta tsaya da ƙafarta, ki ba Mai Fassara shafin naki ta bi shi ita kaɗai, kina zaune kusa kin kama bakinki. Ranar da tata ta fito daidai da taki, ku sa hannu.

Kar ki jira ki ji kin shirya. Buɗe layin farko ki gwada, ki rubuto mini inda ya fara ƙi.

Gwaggonki